Me ya hana kiɗan EDM samun gindin zama kamar hip-hop da rok? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara koyon DJ ko haɗa kiɗa a kwamfuta ba ya daɗewa yake cin karo da wannan abin mamakin: kiɗan da ke tara dubban mutane a fili ɗaya, amma ka tare mutum a hanya ka ce ya lissafo maka mutum uku masu yinsa sai ya tsaya yana kallonka, alhali 'yan hip-hop kuwa har yara sun san sunayensu. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa kan maganar nan. Yawancin labarin a Amurka yake, don can ne aka yi ta fama.

1. Wai da farko ma mene ne EDM ɗin?

EDM gajarcen Electronic Dance Music ne, wato kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, kuma an yi shi ne don DJ ya riƙa sa shi a gidan rawa yana jona wani da wani ba tare da kiɗan ya yanke ba. Iri-iri ne, akwai house, tekno, trance, drum and bass, dubstep da sauransu birjik. House da tekno za ka gane su da bugun nan guda huɗu a jere, dum dum dum dum, house yana tafiya wajen bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, drum and bass ya haura 160, shi kuwa hip-hop na da yawanci bai cika wuce 100 ba, a hankali yake tafiya don mai rap ya samu wurin zuba magana.

Sunan EDM ɗin kamfanoni da 'yan jaridan Amurka ne suka baza shi wajen 2010, kuma tsofaffin 'yan house da tekno da yawa ba sa so a kira kiɗansu da shi. A nan dai zan yi amfani da shi a dunƙule don sauƙi.

2. Da gaske ya sha wuya? Ai ina ganin taron Tomorrowland a YouTube, mutane ba masaka tsinke

Taron gaskiya ne, amma ka lura a Beljiyam ake yinsa, tun 2005. A Turai kiɗan nan ya daɗe da zama ɗan gida tun ƙarshen shekarun 1980, dalilin yana amsa ta 8. Inda ya sha wuya shi ne Amurka, kuma ita ce kasuwar waƙa mafi girma a duniya, abin da ta ɗaga shi ake ji a ko'ina.

Sannan cika fili kwana uku a shekara daban, abin da mutane ke ji kullum a mota da wajen aiki daban. A 2017 ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna hip-hop haɗe da R&B ya ture rok ya zama kiɗan da aka fi saurare a Amurka, karon farko kenan, shi kuwa EDM a wannan lissafin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma wannan fa bayan ya gama tashensa mafi girma ne. Ko a kyautar Grammy haka abin yake, rap ya samu rukuninsa a 1989, kiɗan rawa sai 1998, rukunin albam ɗinsa kuma sai 2005.

3. Ba Turawa ne suka ƙirƙiro shi ba?

A'a, kuma wallahi wannan ce maganar da ta fi ci min rai a duk labarin. House a Chicago aka haife shi a hannun baƙar fata. Frankie Knuckles ya taso daga New York ya fara DJ a wani kulob mai suna Warehouse a 1977, masu zuwa wurin yawancinsu baƙar fata ne da 'yan Latino masu neman jinsi ɗaya, waɗanda sauran wurare ba sa maraba da su. Da sababbin faya-fayen disko suka fara ƙaranci sai ya riƙa yanka tsofaffi a tef yana tsawaita inda jama'a suka fi so, daga baya ya ɗora musu bugun na'ura. Ron Hardy ma yana nasa a Music Box. Samarin unguwa suka fara sayen injinan Roland, irin su TR-909 da TB-303, na hannu a kan arha saboda kasuwa ta ƙi su, suna haɗa kiɗa a ɗakunansu.

Tekno kuma na Detroit ne, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, abokai ne tun sakandare a garin Belleville, su ma baƙar fata, sun taso a gefen birnin da masana'antun motarsa ke durƙushewa. Ba a hana Turai haƙƙinta ba, sun sha kiɗan Kraftwerk na Jamus sosai, Giorgio Moroder ɗan Italiya ma ya yi aiki babba a disko na na'ura. Amma waɗanda suka mayar da shi abin da ake rawa da shi yau 'yan Chicago da Detroit ne.

4. Me ya faru da disko a 1979, kuma ina ruwan EDM da shi?

Ruwansa da tsaki ma kuwa, don disko ne uban house. A 1978 disko ya mamaye rediyon Amurka, tashoshi suka riƙa barin rok suna komawa gare shi. Wani mai gabatar da shiri a Chicago, Steve Dahl, ya rasa aikinsa da tasharsu ta koma disko, sai ya koma wata tashar ya ɗaura yaƙi da kiɗan. Ranar 12 ga Yulin 1979 aka shirya a filin wasan Comiskey Park cewa duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga kallon wasa a kan santi 98, a tsakanin wasanni biyu za a tara faya-fayen a tarwatsa su da nakiya. Mutane wajen 50,000 suka zo, aka fasa, matasa suka ɓalle cikin fili suna ƙone-ƙone har sai da 'yan sanda suka shigo, wasa na biyu bai yiwu ba.

Wani yaro baƙar fata da ke aikin nuna wa mutane wurin zama a filin ranar, Vince Lawrence, ya sha faɗa cewa faya-fayen da ya ga ana kawowa da yawa ba disko ba ne ma, na mawaƙa baƙar fata ne kawai. Shi ɗin nan daga baya yana cikin waɗanda suka fitar da faifan house na farko-farko a 1984.

Ba daren nan kaɗai ya kashe disko ba, kamfanoni ma sun cika kasuwa da tarkace har mutane sun gaji. Amma daga nan kiɗan rawa ya zama abin kunya ga saurayin Ba'amurke farar fata, ana masa kallon kiɗan baƙar fata da masu neman jinsi ɗaya, kamfanoni suka rufe sassan diskonsu, Grammy ta ba da kyautar disko sau ɗaya tak a 1980 ta soke. Toh house ya taso a ƙasar da ta riga ta yanke wa ubansa hukunci, shi ya sa Knuckles yake kiransa ramuwar gayyar disko.

5. Amma ai hip-hop ma na talakawa baƙar fata ne kuma da DJ ya fara, me ya sa shi ya haye?

Nan ne zuciyar maganar. Su biyun kusan 'yan uwa ne, hip-hop ya fara da DJ Kool Herc a wani casu a Bronx a 1973, kuma faifan rap na farko da ya shiga kasuwa sosai a 1979 a kan kiɗan disko aka ɗora shi. Afrika Bambaataa a 1982 da sautin Kraftwerk da injin TR-808 ya yi suna. Da farko ma DJ ne oga, sunansa ke zuwa gaba, duba Grandmaster Flash da yaransa, Eric B. da Rakim, DJ Jazzy Jeff da Fresh Prince wanda shi ne Will Smith.

Abin da ya raba su shi ne hip-hop ya miƙa makirfo ga mutum ya ce yi magana, DJ ya koma baya. Daga nan ya samu fuska, ya samu baiti da yaro zai haddace ya maimaita a makaranta, ya samu labari: ga daga unguwar da na fito, ga abin da 'yan sanda suka yi mana, ga wanda nake gaba da shi. Ɗan jarida yana da abin rubutawa, kamfanin takalmi yana da wanda zai sa wa kaya, iyaye suna da abin tsoro wanda shi ma talla ne. House da tekno suka bi ɗaya hanyar, kiɗa ne sarki, magana kaɗan ce ko babu, furodusa ɗaya zai fitar da faifai da sunaye biyar daban-daban, wani faifan ma farar takarda ce kawai a jikinsa ba suna, 'yan Underground Resistance na Detroit har rufe fuska suke yi da gangan don ba sa son a mayar da su haja. Ni ina ganin girma a wannan, amma kasuwa ba ta iya sayar da wanda ba ta gani. Kamar wajen biki ne, an kwana ana rawa, da safe kowa yana rera amshin mawaƙin da aka sa, ba wanda ya tambayi sunan DJ ɗin da ya riƙe wurin har asuba.

Wani abin kuma, rap za ka ji daɗinsa kai kaɗai a ɗaki ko a mota. Tekno kuwa an gina shi ne don manyan sifiku da taron jama'a da awanni a jere, abin da zai girgiza ka da ƙarfe uku na dare a cikin mutum dubu idan ka ji shi a ƙaramar rediyo da rana sai ka ce wannan ai abu ɗaya yake ta maimaitawa. Mutanen da ba su taɓa shiga wurin ba, kuma su ne mafi yawa, ba su da hanyar gane me ake yayi.

6. Rediyo da MTV ba su taimaka ba ne?

Kaɗan ƙwarai. Rediyon Amurka waƙar minti uku zuwa huɗu take so mai amshi da ke zuwa da wuri, shi kuwa faifan house minti bakwai ne ko takwas, farkonsa da ƙarshensa bugu ne zalla don DJ ya samu wurin jonawa. Sannan tashoshinsu a rarrabe suke, wannan ta rok, wannan ta baƙar fata, wannan ta pop, wannan ta country, kuma house bai da gida a ciki, sai dai a ba shi awa ɗaya ko biyu a daren Asabar. Abin ya ƙara tsanani bayan dokar sadarwa ta 1996 da ta bar kamfani ɗaya ya mallaki tashoshi ba adadi, Clear Channel kaɗai ya tara wajen 1,200, jerin waƙoƙin da ake sawa ya koma kusan iri ɗaya daga wannan gari zuwa wancan, irin DJ ɗin gari mai sa abin da ransa ke so, kamar Electrifying Mojo da ya raini 'yan Detroit, ya zama tarihi.

MTV kuma da aka buɗe a 1981 hoto take sayarwa. Ta yi jan ƙafa kafin ta karɓi rap, amma da Run-DMC suka haɗa waƙa da 'yan rok na Aerosmith a 1986, sannan aka fara shirin Yo! MTV Raps a 1988, shikenan rap ya shiga falon kowane gida. EDM ya samu nasa shirin mai suna Amp a 1996, amma da tsakar dare ake sa shi.

A yi adalci, farkon shekarun 1990 an samu waƙoƙin house da suka hau jadawalin Amurka, na C+C Music Factory da Crystal Waters da CeCe Peniston da Robin S. Duba da kyau, duk masu murya ne da amshi, kuma jama'a a matsayin pop suka ɗauke su.

7. Rok fa, me ya fi shi da shi? Wasu ma cewa suke DJ ba makaɗi ba ne

Rok ya riga kowa kafa gwamnati. Tun shekarun 1960 masu kamfanonin waƙa da editocin mujallu irin Rolling Stone da masu shirya wasanni duk a rok suka girma, kuma ma'auninsu na waƙar kirki shi ne mutum huɗu da jita da ganga, su rubuta waƙarsu, su fitar da albam, su zaga gari-gari suna gumi a dandamali. Kuɗin kamfani a albam yake, shi kuwa kiɗan rawa faifai ɗaiɗai ake fitarwa wanda bayan wata uku DJ ya wuce wurin. Hip-hop ya koyi yin albam da wuri, da aka fara ƙirga ciniki da kwamfuta ta tsarin SoundScan a 1991 sai ga N.W.A a lamba ɗaya, kamfanoni suka farga cewa ashe akwai kuɗi a nan, 'yan watanni bayan haka Nirvana suka sake hura wa rok wuta.

Maganar DJ ba makaɗi ba ne kuwa, wanda ya taɓa gwada daidaita gudun faifai biyu da kunne, ko ya karanci fuskokin mutane ya san me zai sa na gaba, ba zai faɗe ta ba. Amma gaskiya ne ido ba ya ganin aikin. Mai jita kana ganin yatsunsa, DJ kuwa kansa a sunkuye yake kan tebur, kuma wasu manyan na zamanin tashe sun ƙara ɓata lamarin da zuwa da kiɗan da aka riga aka jera, ɗaya daga cikinsu, deadmau5, da kansa ya fito a 2012 ya ce yawancinsu danna maɓalli kawai suke yi.

8. To me ya sa Turai ta rungume shi?

Na farko ba a yi wa disko irin wancan korar a can ba, ya ci gaba da rayuwa a Italiya da Jamus. A watan Janairun 1987 wani faifan Steve "Silk" Hurley ɗan Chicago ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, alhali a ƙasarsu yawancin mutane ba su san da shi ba. A wannan shekarar wasu DJ 'yan Landan, cikinsu akwai Paul Oakenfold da Danny Rampling, suka je tsibirin Ibiza na Sifaniya suka dawo suka buɗe nasu wuraren, 1988 da 1989 abin ya fashe, matasa dubbai suna taruwa a gonaki da tsofaffin rumbunan ajiya, Manchester kuma ga kulob ɗin Haçienda.

Girman ƙasa ma yana ciki. Birtaniya ƙarama ce, tasha ɗaya ta BBC Radio 1 ta isa ko'ina, da Pete Tong ya fara shirinsa na daren Juma'a a 1991 duk ƙasar ke ji lokaci ɗaya, ga tashoshin bayan fage irin Kiss FM da ta fara aiki da lasisi a 1990. A Amurka kuwa abin da ke tashe a Chicago sai ya shekara bai isa Texas ba. Sannan ɗan shekara 18 yana shiga kulob a Ingila, a Amurka tun dokar 1984 sai ka kai 21 za a sayar maka da giya, kulob da yawa kuma ba sa barin wanda bai kai ba ya shiga, wato shekarun da matashi ke zaɓar kiɗan da zai so har tsufansa a waje yake yinsu yana jin rap da rok.

Berlin nata labarin daban ne. Katangar da ta raba birnin gida biyu ta faɗi a 1989, ga gine-gine ba masu su, ga matasan gabas da yamma suna neman abin da zai haɗa su, kiɗan da ba ya buƙatar yare ya zo daidai. Kulob ɗin Tresor da aka buɗe a 1991 'yan Detroit ya riƙa gayyatowa. Love Parade, taron rawa a kan titunan birnin, da ta fara da mutum wajen 150 a 1989 ta kai sama da miliyan a ƙarshen shekarun 1990.

9. Maganar ƙwaya fa, ba ita ta jawo masa baƙin jini ba?

Tana ciki sosai kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙwayar ecstasy ta bi tarukan nan tun daga 1988, matasa sun mutu, wasu don zafi da ƙishirwa wasu don abin da aka sayar musu gauraye ne. Duk mai son kiɗan nan da gaske dole wannan ya dame shi. Rok da hip-hop ma suna da nasu shaye-shayen, bambancin shi ne su idan aka rufe wuri suna da rediyo da albam, shi kuwa EDM taron shi ne rayuwarsa, ka hana taro ka kashe shi.

Birtaniya ta yi doka a 1994 da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa taron da ake sa kiɗa mai bugu da ke maimaituwa, haka aka siffanta shi a cikin dokar, amma a can ya riga ya yi ƙarfi sai kawai ya koma manyan kulob masu lasisi irin Ministry of Sound. A Amurka kuwa tun yana jariri aka danne shi. A shekarun 1990 magajin garin New York na lokacin, Rudy Giuliani, ya farfaɗo da wata tsohuwar doka ta 1926 da ta hana rawa a wurin da ba shi da lasisin rawa, ba a soke ta ba sai 2017. Chicago, mahaifar house, ta yi dokar tarar dala 10,000 a 2000 kan taron da ba izini, har DJ tana iya hawa kansa. Sai Joe Biden yana sanata ya kawo ƙudirin da aka sani da RAVE Act a 2002, aka zartar da shi da wani suna a 2003, wanda ya sa ana iya kama mai wuri ko mai shirya taro kan ƙwayar da aka sha a wurinsa. Masu shirya taro da yawa suka ajiye sana'ar.

10. Na ji an ce a 1997 an yi zaton zai ƙwace kasuwa, me ya faru?

An yi zaton kuwa. Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ya mutu a 1994, tashen rok irin nasu ya fara sanyi, kamfanoni suna neman sabon abu sai suka waiwayi Ingila. Kamfanin Madonna ya ɗauki The Prodigy, albam ɗinsu ya shiga a lamba ɗaya a Amurka a Yulin 1997, ga Chemical Brothers, ga Fatboy Slim. Amma ka dubi wanda ya fi cin kasuwa a cikinsu, Prodigy ne, masu Keith Flint a gaba da askinsa mai ban tsoro yana ihu kamar ɗan rok, wato dai fuskar nan da aka yi magana a amsa ta 5.

Sauran ba su sayar yadda aka yi buri ba, kamfanoni kuma ba su da haƙuri, kan ka ce kwabo Backstreet Boys da Britney Spears da Limp Bizkit da Eminem sun cinye wurin. Moby da ya sayar da miliyoyi da albam ɗinsa na 1999 ta hanyar tallace-tallace da fina-finai ya shiga kunnen mutane, don rediyo da farko ba ta kula shi ba.

11. Amma daga 2009 zuwa 2015 ai ya yi nasara ko?

Ya yi, babba ma. Intanet ta karya ƙofar da rediyo ta tsare, yaro yana iya jin komai a YouTube da SoundCloud, yana iya haɗa kiɗa a laftof. Daft Punk 'yan Faransa sun nuna hanya a taron Coachella na Amurka a 2006 da suka fito a kan wani dandamali mai siffar dalar Masar cike da fitilu, aka gane cewa idan babu mai jita da za a kalla sai a ba ido wuta da allo. David Guetta ya haɗa wa Black Eyed Peas waƙar da ta yi sati 14 a lamba ɗaya a 2009, Calvin Harris da Rihanna suka yi sati 10 daga ƙarshen 2011 zuwa farkon 2012, a Disambar 2011 Swedish House Mafia suka cika zauren Madison Square Garden na New York, Skrillex ya kwashi Grammy uku a 2012. Las Vegas ta shigo da kuɗin gidajen caca, Forbes ta ƙiyasta Calvin Harris ya samu dala miliyan 66 a 2014.

Sai dai duba sharuɗɗan da aka cika kafin a buɗe masa ƙofa. An gajarta kiɗan ya koma minti uku da rabi, an ɗora masa mawaƙin pop da amshi, an mayar da DJ tauraro mai tsalle a kan tebur, aka kuma fitar da shi daga ƙaramin kulob mai duhu zuwa fili mai tikiti mai tsada. Wato ya shiga ne bayan ya ari kayan pop da na rok. Kuma fuskokin da aka sa a gaba kusan duk Turawa ne 'yan Faransa da Sweden da Holan da Scotland, har yaran Amurka da yawa suka ɗauka daga Turai aka kawo musu shi.

12. Me ya sa tashen bai ɗore ba?

Kuɗi sun yi yawa a kan abu ɗaya, kiɗan ya koma tsari guda, a hau a hau sannan a saki bugu, kowa irin na kowa. Kamfanin SFX na Robert Sillerman da ya bi yana saye tarukan da shagon Beatport ya karye a Fabrairun 2016. Mace-macen ƙwaya ba su tsaya ba, mutuwar wata yarinya 'yar shekara 15 bayan taron Electric Daisy Carnival na 2010 a Los Angeles ta tayar da ƙura har taron ya koma Las Vegas, a 2013 aka soke ranar ƙarshe ta Electric Zoo a New York bayan mutum biyu sun mutu. Avicii ya daina yawon wasa a 2016 saboda lafiyarsa, ya rasu a 2018 yana da shekara 28, abin ya taɓa mutane ƙwarai. A daidai lokacin kuma Spotify da Apple Music suka zama ma'auni, aka ga abin da matasa ke maimaitawa a waya dare da rana rap ne, kamar yadda alƙaluman amsa ta 2 suka nuna.

13. Amapiano da muke ji yanzu yana cikin wannan dangin?

Ƙwarai, jikan house ne. Afirka ta Kudu ta karɓi house tun wajen 1990, suka rage masa gudu suka sa yarensu ya zama kwaito, daga baya gqom ya fito daga Durban, amapiano kuma daga unguwannin Johannesburg da Pretoria. A can house kiɗan tasi ne da shago da biki, ba wanda yake masa kallon baƙo, Black Coffee ma ya ci Grammy ta albam ɗin kiɗan rawa a 2022. Wannan ya nuna sautin kansa bai taɓa zama matsalar ba. Kuma ka lura yadda ya shigo Najeriya, sai da mawaƙa irin Asake da Davido suka hau kansa da murya da baiti sannan ya game gari, mutane suna cewa waƙar wane, ba sa cewa kiɗan wane.

14. Waɗanda suka ƙirƙiro shi sun ci gajiyarsa kuwa?

Wasu sun samu rufin asiri, amma yawanci da jirgi suka riƙa zuwa Turai da Japan neman abinci shekara da shekaru, a can ana layi don a gan su a gida kuwa maƙwabci bai san sana'arsu ba. 'Yan Chicago da yawa sun sayar da kiɗansu ga ƙananan kamfanoni a kan kuɗi ƙalilan, rigimar haƙƙin wasu har kotu ta kai bayan shekaru sama da talatin. Ron Hardy ya rasu a 1992 bai ga komai ba. Frankie Knuckles ya samu Grammy a 1998, Chicago ta sa wa titin da Warehouse yake sunansa a 2004, ya rasu a 2014 a daidai lokacin da wasu ke karɓar dubban ɗaruruwan daloli a dare ɗaya a Las Vegas.

'Yan shekarun nan an fara gyara. Detroit tana da taronta na tekno tun 2000 wanda yanzu ake kira Movement, Beyoncé ta fitar da albam a 2022 da ta gina a kan house da disko ta jawo irin su Honey Dijon 'yar Chicago cikin aikin, a 2023 kuma birnin Chicago ya sa ginin Warehouse cikin wuraren tarihi da ba za a rushe ba. Idan kana koyon haɗa kiɗa kuma sunayen da ka sani Guetta ne da Avicii kawai, nemi aikin Larry Heard da Marshall Jefferson da Jeff Mills da Derrick May, ka ji su da sifika mai kyau ko abin kunne mai ɗaukar bugu, kuma ka bar kowanne ya kai ƙarshe kafin ka yanke hukunci.